Ba a Wanke Allo Sai An Biya

Kowane shugaban makaranta a jihar Kebbi ya san irin takardun da ake aiko masa ya cike a farkon shekarar karatu. Yara nawa ne a rajista, maza nawa, mata nawa. Ajujuwa nawa ke da rufi, nawa iska ta yaye. Benci nawa, makewayi nawa, malamai nawa ke da NCE, nawa ke da digiri. Tambayoyi ne masu amfani, muna kuma amsa su bakin gwargwado. Sai dai tun da na fara riƙe makaranta ban taɓa cin karo da takardar da ta tambaye ni, cikin yaran nan da na lissafa, nawa ne za a miƙa wa littafi su karanta layi huɗu su faɗi abin da suka karanta ba. Ma'aikaci kuwa abin da ake tambayarsa shi yake gyarawa. In rufi ake tambaya, rufi zai bi. In yawan kawuna ake tambaya, zai cika rajista ko da sunayen waɗanda rabonsu da aji tun kafin girbin bara.

Ƙaramar sakandare nake shugabanta, a wani gari na bakin fadama cikin masarautar Argungu. Yaran da ke shigo mana aji ɗaya duk sun gama firamare, kowanne da takardar shaidarsa. A makon farko mukan zauna da su ɗaya bayan ɗaya, mu ba su ɗan gajeren labari na Hausa, irin wanda ya kamata ɗan aji biyu na firamare ya karanta. Akwai masu zuba shi tas. Ba su da yawa. Akwai masu haɗa baƙi da wasali a hankali, kafin su kai ƙarshen jimla sun manta farkonta. Sai kuma rukunin da ya fi tayar mini da hankali: yaro mai kyakkyawan rubutu, littafinsa cike da darussa tsaf-tsaf, da kwanan wata da jan layi, amma in ka ɗora yatsa a kan kalma guda cikin abin da ya rubuta da hannunsa ka ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Shekara shida ya yi yana kwafar abin da malami ya rubuta, har ya ƙware a kwafa, ba wanda ya tsaya ya duba ko ya san abin da yake kwafa ɗin.

Iyaye sun daɗe da gane wannan. A wani taron iyaye da malamai, wani dattijo manomin shinkafa ya miƙe ya ce mini, "Malam, shekara da shekaru ɗiyan nan na zuwa boko. Na kawo kwalbar maganin feshi in ji nawa ake zubawa ga tanki, babu wanda ya iya karanta muna. To mi amfaninta?" Ana yawan cewa mutanen karkara ba sa son boko saboda jahilci ko saboda tsoron a ɓata musu tarbiyyar 'ya'ya. Akwai masu wannan tsoron, ban musa ba. Amma mafi yawan waɗanda nake hulɗa da su lissafi suka yi, kuma lissafinsu ba na wauta ba ne. Yaro a fadama lokacin dashe yana rage wa ubansa kuɗin ƙwadago, ana ganin amfaninsa kafin la'asar. Yaro a aji, bayan shekara shida, ba a ga komai ba. Wanda duk yake son uban nan ya sake lissafi, sai ya sa masa wani abu a ɗaya gefen sikelin.

Ba ciwon Kebbi kaɗai ba ne. A 2022 Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 89. A Najeriya hankalin kowa yana kan yaran da ba sa zuwa makaranta: an daɗe ana ambaton miliyan 10.5, sannan UNESCO ta ce sun kai kusan miliyan 20. Waɗannan ana ganinsu a titi da tasha, shi ya sa suke shiga jawabin gwamnoni. Wanda ke zaune a aji da rigar makaranta bai iya karatu ba, shi ba ya shiga lissafin kowa, don a takarda an riga an gama da matsalarsa.

Tun farko a kan buɗe ƙofa aka gina tsarin. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta fara ilimin firamare kyauta, wato UPE, a watan Satumba na 1976, an yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3, sai ga sama da miliyan 3 sun bayyana. Aka yi ta gina ajujuwa da gaggawa, aka yi ta horar da malamai da gaggawa. Shekara 23 bayan haka, mutumin nan dai ya dawo da farar hula ya ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarta ta fito a 2004, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauki na Abuja. Kaso mai tsoka na wannan kuɗi gini da kujeru yake tafiya. Ba na raina gini. Wanda ya taɓa koyarwa a ajin da babu rufi cikin watan Afrilu ba zai raina shi ba. Amma gini ana ba da kwangilarsa, ana ɗaukar hotonsa, ana yanke masa ƙyalle. Ranar da yarinya ta fara karanta jimla da kanta babu mai zuwa da 'yan jarida.

Inda ɓarnar take aukuwa a zahiri shi ne tsakanin manhaja da yaro. An yanka manhaja mako-mako: mako na uku kaza, mako na huɗu kaza. In mai duba makarantu ya zo, abin da zai fara nema shi ne littafin tsarin darasi, ya ga ko malami yana kan makon da ya kamata. Malamin da ya tsaya ya koma baya don rabin ajinsa ba su kama baƙaƙe ba, a takarda shi ne mai laifi. Wanda ya yi gaba ya bar su, shi ne mai ƙwazo. Yaron da zazzaɓi ya kwantar ko aka tafi da shi biki a makonnin da ake koyar da haɗa baƙi da wasali, ya rasa su ke nan, don ba za a sake komawa kansu ba a aji biyu, balle a aji biyar. Maimaita aji kuma kusan an daina, ga 'yan baya na jiran benci. Ko bayan rage darussa da gwamnatin tarayya ta yi a 2025, ɗan aji ɗaya na firamare yana da darussa tara zuwa goma, alhali duk sauran a kan guda biyu suke tsaye, karatu da lissafi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. Na sha shiga ajin firamare mai yara fiye da ɗari, malama guda, ba ta ko iya ratsawa zuwa bayan aji.

Lokacin ma ba ya cika. Zango uku ne a shekara, kowanne wajen mako goma sha uku. Cire makon farko na shara da jiran yara su dawo, cire biyun ƙarshe na jarrabawa da haɗa sakamako, cire ranar kasuwa, cire dashe da korar tsuntsu da girbi, wanda tun da noman rani ya kankama bayan 2015 ya zama sau biyu a shekara. A 2020 korona ta rufe mu wata da watanni, ambaliyar da ta cinye shinkafar fadama a shekarar ta mai da wasu makarantu masaukin waɗanda ruwa ya kora. Da jihohin Kebbi, Kano, Katsina da Bauchi suka daidaita hutunsu da watan azumi a 2025, an yi ta kai ruwa rana a rediyo da jaridu a kan makonnin da aka rufe. Na so a ce rabin wannan zafin an juya shi ga tambayar abin da yara ke koya a makonnin da makaranta take buɗe.

Sai maganar harshe, wadda ta fi kowace jawo faɗa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, sannan a juya zuwa Turanci. A ƙarshen 2022, zamanin ministan ilimi Adamu Adamu, aka amince a kai shi har shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin renon yara, hujjarsa ita ce yankunan da suka rungumi harshen uwa su ne ke faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ni da nake cikin aji, abin da zan ce shi ne an yanke wa manufar hukunci a kan laifin da ba ta samu damar aikatawa ba. A ina aka yi aiki da ita? Ina littattafan lissafi da kimiyya na Hausa da aka raba? Wane malami aka horar? Abin da ke gudana a aji, jiya da yau, iri ɗaya ne: malami ya rubuta Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafi Turancin, a yi musu jarrabawa da Turanci. Yaro ya fita bai iya karanta Hausar da yake ji ba, bai ji Turancin da yake kwafa ba.

Koyon karatu abu ne da ake yi sau ɗaya a rayuwa: gane cewa waɗannan zane-zanen suna ɗauke da sauti, sautin kuma yana ɗauke da ma'ana. Yaron da ya haɗa baƙi da wasali ya ji kalmar da ya sani ta fito daga bakinsa, nan take ya san ya yi daidai, ba sai malami ya gaya masa ba. In kalmar baƙuwa ce a kunnensa, ba shi da ma'aunin da zai gane ko ya dace ko ya kauce. Ga shi kuma rubutun Hausa na boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, saɓanin Turanci da harafi ɗaya kan yi sauti uku ko huɗu. Ba ra'ayina ba ne kawai. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada a Ile-Ife tun daga 1970, suka koyar da wasu yara komai da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun malamin da ya iya shi. Yaran ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin ma. Nan kusa da mu, shirin RANA a Zamfara da Katsina da shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa da jagoran malami darasi-darasi. Rauninsu shi ne da kuɗin baƙi aka yi su, kuma wanda ya ga yadda Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, USAID, a 2025 ya san ba a jingina karatun ɗa da aljihun wani.

Sai dai duk wanda ya san Kebbi ba zai ce a yi komai da Hausa ya tashi ba. Yaron ƙasar Zuru da Dakarci ya tashi, na Kamba da Dandanci ko Zabarmanci, ga Gungawa da Kambari a Yawuri, ga Fulanin ruga ko'ina. Ga da yawansu Hausa harshen kasuwa ce da wasa, sun fi jin ta nesa ba kusa ba a kan Turanci, amma ba harshen ɗakin uwarsu ba ce, kuma akwai iyayen da ke kallon cusa ta a matsayin haɗiye nasu harshen. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba a share ta da umarni daga Birnin Kebbi. Haka nan ba na cikin masu cewa a yi watsi da Turanci. Da shi ake rubuta JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Da shi ake karatu a jami'ar Aliero da ta Kalgo. Da shi aka rubuta bayanin da ke jikin kwalbar maganin feshin dattijon nan. Rigimar a kan wanne za a fara da shi ce, kuma wanda ya iya karatu da harshen da yake ji ya fi saurin kama Turanci a kan wanda aka fara masa da abin da ba ya ji.

Malamai su ake fara zagi, kuma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 cikin kimanin 33,000 suka kasa cin makin da aka yanka, aka sallame su. Kowa ya riƙe baki. Amma malamin nan ba daga sama ya faɗo ba: shi ne yaro mai kwafa na shekara ashirin da suka wuce, ya bi ta sakandare, ya samu NCE, ya dawo. Dattawan da suka yi kwalejin horon malamai ta gireditu suna ba da labarin yadda ake koya musu riƙe alli da tsayuwa gaban aji da koyar da baƙaƙe. Yau mutum yakan gama NCE ya haddace sunayen masanan falsafar ilimi na Turai bai taɓa ganin yadda ake koya wa ɗan shekara shida karatu ba. Satar amsa da ake kuka da ita a jarrabawar ƙarshe jikar wannan ce. Ɗalibin da ya kai aji shida na sakandare bai iya karatu ba, ga uba ya sayar da buhun shinkafa ya biya kuɗin jarrabawa, ga makaranta ana auna ta da yawan waɗanda suka ci, me ake zaton zai faru a ɗakin jarrabawar? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin yana zaure, yaran nan suna wucewa ta cikinsa kullum da asuba da yamma. A makarantar allo babu aji, babu zango, babu makon da manhaja ta ce a kai. Yara talatin na zaune gaban malam guda, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya: wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefensa ya kai Sabbi, wani yana neman sauka. Yaro ba ya wanke allonsa a yi masa ƙari sai ya zo gaban malam ya biya. In ya kasa, ya koma da allon nan, ko kwana nawa zai ɗauka, kuma ba wanda zai ce an ci zarafinsa. In ya yi wata guda yana gona, ranar da ya dawo daga inda ya tsaya zai ɗora. Manya cikin almajirai su ke biya wa ƙanana, shi ya sa malam ɗaya yake iya riƙe taro. A karatun zaure ma haka abin yake. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, da ya tashi ba da tarihin karatunsa, malamansa ya lissafa da littattafan da ya karanta gaban kowannensu, ba yawan shekarun da ya zauna ba.

Kada a ce na mai da makarantar allo aljanna. Yaro yakan shekara da shekaru yana karanta abin da bai san ma'anarsa ba, babu lissafi, bulala ta yi yawa a wurare da dama, bara kuwa ba ta da mai kare ta. Ƙa'ida guda nake nufi: ana auna yaro da abin da ya iya, a ɗora masa daga nan. Da gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, a 2012, tunanin shi ne a kai wa allo abin da boko ke da shi. Ba wanda ya tambaya ko boko na da abin da za ta aro.

Ƙa'idar nan kuwa ita ce ta zagaya duniya da sunan wasu. A Indiya akwai ƙungiya mai suna Pratham, wadda tun 2005 take bin ƙauyuka gida-gida tana gwada karatun yara, tana samun kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu. Sai suka fito da tsari mai sauƙi: a gwada kowane yaro baki da baki, a ajiye maganar shekarunsa da ajinsa, a raba su rukuni-rukuni, masu baƙaƙe, masu kalma, masu jimla, masu labari, a ba su awa ɗaya ko biyu kullum da harshensu, wanda ya iya ya matsa rukuni na gaba. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo sun yi shekaru suna auna tsarin, kuma yana cikin ayyukan da suka sa aka ba su kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer. Shi Kremer, a wani bincike da suka yi a yammacin Kenya, sun raba wa makarantu littattafan karatu suka koma suka duba: yaran da dama can su ne kan gaba su kaɗai suka amfana, don littattafan da Turanci suke, sauran ba su iya karanta su ba. Duk mai rabon littattafai a gaban kyamara ya kamata ya san wannan labari. An kawo tsarin na Indiya Najeriya, an fara gwada shi a Borno da Hausa da Kanuri, daga nan ya bazu zuwa wasu jihohin Arewa.

Wani zai ce talauci ne, sai mun yi arziki. Garin Sobral yana jihar Ceará, cikin yankin arewa maso gabashin Brazil mai fari da talauci. A farkon shekarun 2000 hukumar garin ta gwada yaranta, ta tarar kusan rabin 'yan ƙananan ajujuwa ba sa karatu. Ba su ɓoye sakamakon ba. Suka sa buri guda, kowane yaro ya iya karatu kafin ya wuce aji biyu; suka daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa; suka riƙa gwada yara a kai a kai suna bin wanda ya makara da sunansa. A 2017 garin ne na ɗaya a ma'aunin ilimin matakin farko na ƙasar baki ɗaya. Abin lura, ba a wa'adin shugaba ɗaya aka yi ba. Waɗanda suka gaji kujerar ba su rushe abin da suka tarar don a ce nasu ne sabo ba. A nan ne nake jin namu zai yi wuya.

Mu a makarantarmu abin da muka iya kaɗan ne. Mun ɗauke awar farko ta safiya ga 'yan aji ɗaya, mun rarraba su bisa inda kowa ya tsaya, malamin Hausa da na Turanci da duk wanda ba shi da darasi a lokacin kowa ya ɗauki rukuni, waɗanda suka iya kuma suna biya wa na baya. Ba kyauta abin yake zuwa ba. Awar nan daga wani darasi aka yanko ta, kuma malamin da aka yanke wa yana da gaskiyarsa in ya ce shi za a tuhuma ranar da aka zo duba manhaja. Saurayi ɗan shekara goma sha huɗu ba ya son a gan shi yana ba, be, bi, sai an lallaɓa shi, wani lokaci a keɓe shi. Wasu iyayen kuma suna ganin Hausa a littafin ɗansu sai su zo da faɗa, su Turanci suka kawo shi ya koya. Nakan ce musu, "Baba, a ba mu zango guda." Mafi yawan yaran da ba sa fashi, kafin zangon ya ƙare sukan tashi daga baƙaƙe su kai jimla. Ba su zama malamai ba, amma daga ranar littafin da ke jakarsu ya fara yi musu magana.

Duniyar da za su shiga ba ta jiran mai kwafa. Wayar da ke hannun yayyensu ta kawo musu ƙwallon Ingila da wa'azi da farashin taki da ƙarya iri-iri, duk a faifai guda. Wanda bai iya karatu ba saƙon murya da bidiyo kaɗai yake bi, ba shi da hanyar bincika ko abin da aka tura masa gaskiya ne. A wurin mai POS sai ya miƙa kati ya faɗi lambar sirrinsa da baki. Yanzu kuma ana ta maganar ƙirƙirarriyar basira, har ana cewa za ta maye gurbin malami. Wataƙila ta taimaki wanda ya iya rubuta tambaya ya karanta amsa ya auna ta. Ga wanda bai iya ba, tazarar da ke tsakaninsa da ɗan Legas ko ɗan Nairobi ƙaruwa za ta yi.

Ga kuma abin da ya fi ƙarfin kowane shugaban makaranta. Jangebe a Zamfara ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka sace 'yan mata 279 daga makaranta. Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni na shekarar, inda wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Maga a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu cikin Nuwamba 2025, aka kashe mataimakin shugaban makaranta aka tafi da ɗalibai 25. Bayan kowane irin wannan akan rufe makarantu, kuma in an buɗe ba duka ke dawowa ba. 'Yan mata su ne ke fara ɓacewa daga rajista, uba ya ce gara ta yi aure yana ganinta. Ba ni da bakin ce masa ya yi kuskure alhali ba ni da katangar da zan nuna masa. Abin da wannan ke nufi ga aikinmu shi ne ba mu da tabbacin shekara goma sha biyu da kowace yarinya. Wata shekara huɗu za mu samu da ita, wata bakwai. In an tsara karatu bisa zaton za ta kai ƙarshe, aka cire ta a tsakiya, ta tafi hannu wofi. In kuwa ta iya karatu tun a aji biyu, ko yaushe aka cire ta za ta karanta katin rigakafin ɗanta da takardar maganin da aka rubuta mata a asibiti.

Saboda haka aikin da muke yi a ƙaramar sakandare faci ne. Ainihin wurin gyara yana aji ɗaya da aji biyu na firamare. A nan akwai wata al'ada da ba doka ce ta kawo ta ba: hedimasta yakan ba malaminsa mafi ƙwazo aji shida, saboda jarrabawar fita, ya tura sabon ɗauka ko wanda ya gaji aji ɗaya, wai ai wasa da waƙa ne kawai. Juya wannan ba ya bukatar kwabo, ba ya bukatar izini daga Abuja. Na zauna da hedimastocin firamaren da ke turo mana yara, na nuna wa kowanne yadda yaransa suka yi a gwajin makon farko, ba a gaban jama'a ba. Wasu sun yarda su gwada a shekara mai zuwa. Wasu sun ce malamin da aka mayar aji ɗaya zai ɗauka an rage masa girma ne, zai kai ƙara wurin sakataren ilimi ko wurin ɗan siyasar da ya samo masa aikin, su kuma ba su shirya wannan rigimar ba.